Ajin Matan Sintali

A shekarar 1993 aka ba ni ajin yaƙi da jahilci na mata a unguwar Sintali. Kafin mu fara, an tara mu bita ta kwana uku a Jalingo, inda wata dattijuwar malama ta ce kada mu taɓa alli ranar farko. Mu zauna a da'ira, kowace mace ta faɗi miyar da ta fi iya yi, ta koya wa sauran gaisuwar yarensu. Na raina abin. Ni da takardar koyarwa a hannu, in tsaya wasan yara da matan aure?

Ranar da na buɗe aji mata goma sha tara suka zo, suka zauna rukuni-rukuni: Fulani jikin taga, Mumuye can baya, 'yan unguwar Majidaɗi a gaba. Ba mai kallon wata. Na rubuta baƙaƙe a allo, na nuna wata mai sayar da doya da ke bencin ƙarshe.

"Ke, tashi ki karanta."

Ta miƙe tana murza bakin zaninta. "Malama, ni bai sani ba. Miji na ta ce in zo."

'Yan gaba suka kwashe da dariya. Ni ma na murmusa, kuma ta gani. Washegari ba ta zo ba, haka mata biyar da ke zama kusa da ita.

Sai a mako na uku, da shirun ajin ya ishe ni, na gwada abin da dattijuwar ta ce. Wata Bafulatana ta koya mana gaisuwarsu ta "jam waali", bakinmu ya karkace, aka yi ta dariyar da ba ta ciwo. Kafin a tashi, matan da ba sa ko gaisawa suna musu a kan miyar kuka. Abin minti ashirin ne kacal.

Na bi mai doyar har gidanta a unguwar Kachalla Sembe. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta saurare ni har na gama roƙonta ta dawo aji.

"Malama, na gode," ta ce. "Amma ni ya girma. A kasuwa ba mai dariya na."

Ƙarshen shekara mata goma sha uku suka karɓi takardar shaida. Mai duba mu ya yaba mini a gaban jama'a, aka tafa, ni kuwa na tsaya na karɓi yabon ban ambaci mata shidan da na rasa ba.