Memorin Baba Sale

Ku da kuke saurin yin fomat kamar ana korar ku, ku zauna ku ji. Akwai wata safiya ta rani da har yau ba ta bar raina ba.

Lokacin ina ƙaramin injiniya mai kula da akwatunan awon ruwan noman rani a yankin Bunkure. Kowace ƙofar ruwa tana da akwati mai sola, da 'yar kwamfuta a ciki da ke rubuta tsayin ruwa a memori. Ba ta da allo, ba ta da madannai. Sai ka jona ta da laftof ka rubuta mata umarni. Idan akwati ya daina rubutu, ofis ba ya sakar wa gonakin wannan ƙofar ruwa sai an gyara.

Aka kira ni cewa akwatin Baba Sale, dattijon da ke gadin wata ƙofa, ya tsaya, ga tumatirin jama'a ya fara fure. Na same shi tsugune gaban akwatin.

"Injiniya, memorinku ya mutu. Na ciro na wayata na sa, ya ƙi."

Dole ya ƙi. Akwatin ba ya karɓar memori sai an yi masa fomat da irin tsarinsa, wato a share komai tas. Sabo kuwa babu ko ɗaya a sitonmu. Na jona laftof, na jero ma'ajiyan na'urar, na bambance ta ciki da ta Baba. Ƙa'idarmu ce a leƙa kafin a rubuta mkfs, umarnin shara. Da na leƙa sai ga sautuka.

"Baba, akwai kaya a ciki fa. Duk za su tafi."

"Goge abinka, ɗana. Ai suna cikin wayar. Wannan ɗan mitsitsin me zai ɗauka?"

"To, kunna mu ji."

Ya lalubo wayar, ya danna nan, ya danna can. Wayam.

"Muryar Hajara ce," in ji shi a hankali. Matarsa ce, ta rasu da damina. 'Yarsu ce ta riƙa ɗaukar maganarta tana jinya.

Ya dubi gonakin, ya daɗe yana dubansu. "In babu wata hanya, goge. Mutane sun zuba ƙarfinsu a nan."

Na ce akwai hanya. Na kwafe komai zuwa laftof, na kunna ɗaya don ya tabbatar da kunnensa. Wata siririyar murya ta fito: "Malam, ka sha maganinka, ko sai na taso?"

"Na sha," in ji Baba Sale. Sannan ya tuna ina wurin, ya juya min baya yana gyaran hula.

Na yi fomat, koriyar wutar akwatin ta kama, kafin azahar ofis ya sako ruwa. Daga baya na sayi memori a Kura, na zuba masa kayansa na kai masa.

Abin da na koya shi ne, na'ura ba ta tambayar na wane ne, kuma mai kaya yakan ce "goge" bai san me yake bayarwa ba. Kai ne za ka leƙa. In ba ka leƙa ba, babu mai leƙawa a bayanka.