Injin da na sauya wa motar Baba

A shekarun da zinariya ta fashe a Bagega, ni matashin direba ne a tashar Anka, mai rawar kai da son a sani. Wata tsohuwar wagon nake ja, wadda mahaifina ya rasu ya bar mana. Injinta ƙarami ne, mai fulogi huɗu. Ba ta da gudu, amma ban taɓa jin ta kwana a hanya ba. Tun da Inna ta zame a bakin rijiya ƙugunta ya goce, ba ta iya hawa babur, ga shi danginta suna Adabka, inda babur ne abin hawan kowa. Motar nan ita ce ƙafar Inna. Kafin Baba ya cika sai da ya ja mini kunne. Ya ce in yi haya da ita yadda na ga dama, amma duk ranar da Inna ta ce za ta je ganin Kawu, motar ta zama a shirye. Kawu yayanta ne, shi ya rene ta bayan rasuwar iyayensu, kuma shi kaɗai ya rage mata.

Da harkar zinariya ta buɗe, sai ga sa'o'ina da manyan motoci. Ranar ɗaurin aure su fito kan kwalta suna wasa da su, mutane na tafi. Ni kuwa in na zo wucewa sai a hau yi mini tsiya, wai ga Kunkuru nan, a ba shi hanya kada ya makara. Ina dariya a fuska, amma wallahi abin yana cina. A gareji kullum musu ɗaya ake yi, tsakanin mai fulogi huɗu da mai shida. Wasu su ce mai shida ba ya wahala wajen ja, don haka ya fi daɗewa. Wasu su ce mai huɗu ya fi haƙuri da talaka. Ni dai kunnena ɓangare ɗaya yake ji. Na tafi Gummi wajen wani dattijon bakanike, aminin Baba, na ce ya ɗora mini mai shida. Ya ce kowane inji da lagiretonsa da giyarsa aka yi shi. Ya ce babban inji zai nauyaya gaban motar, kuma a hanyar ƙauye inda ake rarrafe da giya ɗaya, iska ba za ta ishe shi ba. Ya ce da hannunsa dai ba zai cire injin amininsa ba. Na fito ina cewa a raina tsufa ne ya kama shi.

Ban rasa wanda zai yi mini ba. Wani bakanike mai zafin kai irina ya yanke ƙarfe, ya yi walda, ya cusa injin da ƙyar. Lagireto da giya muka bar tsofaffin, wai za su lallaɓa. Ya huda salansa don ta riƙa ruri. Tsohon injin kuwa na sayar wa wani mai jigilar dawa a Gummi. Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗi. Tsakanin Anka da Gummi babu wanda ya sake wuce ni, masu ce mini Kunkuru suka koma ɗaga mini hannu. Inna ta tambaye ni me ya sa muryar motar ta sauya, na ce gyara aka yi mata. Allurar zafi ta fara hawa duk lokacin da na sauka daga kwalta. Maimakon in koma wajen dattijon, sai na sayi jarka biyu ina yawo da ruwa.

Wata safiya cikin damina aka bugo waya daga Adabka, aka ce jikin Kawu ya tsananta, kuma Inna yake ta kira. Kafin in gama duba tayoyi ta fito dafe da sanda, ta ƙulle zuma da man shanu a tsumma, don tana cewa su kaɗai yake iya sha a kunu. A kan kwalta na sake wa motar wuta, har Inna na cewa in yi a hankali. Ina alfahari a raina yau za ta ga amfanin abin da na yi. Da muka sauka hanyar ƙasa sai labari ya sha bamban. An kwana ana ruwa, laka ko'ina. A wani kwari da Baba ya saba lallaɓawa ya wuce, gaban motar ya nutse. Na taka totur, tayoyi suka ƙara haƙa. Na sake takawa da fushi, sai tururi ya turnuƙe daga gaba. Na juye jarkokin duka, na ƙara da ruwan kududdufi a kan inji mai zafi. Motar ta yi wani irin tari, farin hayaƙi ya fito, ta mutu.

Manoma da wasu makiyaya suka taru suka turo ta waje, amma ta ƙi tashi. Wani mai babur ya ce a ɗora Inna, zai tafi a hankali. Muka ɗaga ta mu uku. Ƙarar da ta yi sai da ta sa muka sauke ta, ni kuma na juya baya ina hawaye. Ta zauna gindin tsamiya tana jan carbi, ƙullin zumar na kan cinyarta. Sai bayan azahar wani bawan Allah ya zo da amalanken shanu. Muna shiga gari bayan la'asar muka yi kiciɓis da mutane suna dawowa daga maƙabarta da fartanya a kafaɗa.

Matar Kawu ta gaya mana har azahar yana da rai, kuma duk ƙarar injin da ya ji sai ya tambaya ko mu ne. Bayan sadakar uku na durƙusa gaban Inna na faɗa mata gaskiyar abin da na yi wa motar. Ta ce ta sani tun ranar farko, shekara nawa tana jin motar mijinta. Ta ce ta yafe mini, haka Allah ya rubuta. Sai dai ta ce abu ɗaya ke damunta: tun tana yarinya Kawu yake ɗawainiya da ita, kunya ta hana ta buɗe baki ta yi masa godiya, kuma ranar nan ta yi niyyar yi. Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Na koma Gummi neman tsohon injin. Na same shi yana jan buhunan dawa lafiya lau, mai shi ya ce ko nawa zan ba shi ba zai sayar ba. Inna ta rasu bayan damina biyu. Har yau in na bi hanyar Adabka na hango tsamiyar nan, sai in ji da ma a dawo mini da safiyar nan sau ɗaya tak.

'Yan'uwana direbobi da samari masu sha'awar gudu, ban ce babban inji haramun ne ba. Amma kafin ku ɗora shi, ku dubi hanyar da kuke bi, ku dubi wanda ya dogara da motar, kuma in wanda ya fi ku sanin ƙarfe ya ce a'a, ku tsaya ku ji dalilinsa. Ni na wuce kowa a kan kwalta, amma ranar da Inna ta buƙace ni, shanu ne suka kai ta, kuma ba su kai ta a kan lokaci ba.