Tabar Gida

Tun da yaƙin nan ya tsare mu a gidanmu na unguwar Alsawra, magana ɗaya ce tsakanina da matata Nafisa: mu tafi ko mu zauna. Ita so take mu kwashi yara mu bar Omdurman, ni kuma kullum amsata ita ce a bari mu ga mako mai zuwa. Abin kunyar ma, ni ɗan kamasho ne a tashar Suk al-Shabi. Na yi shekaru ina cusa mutane a mota ina yi musu fatan sauka lafiya, amma da abin ya zo kaina sai ƙafata ta yi nauyi. Zaman dole yana kawo tunani, ni kuwa nawa tunanin ya fi komawa kan kakata da lofenta.

Habboba muke ce mata, yadda yaran ƙasar nan ke kiran kakanninsu. Ita ta haifi mahaifina. A gonakin audugar Jazira ta tashi, a kambo, wato matsugunin 'yan ƙwadago, kuma a can ne wata maƙwabciyarta 'yar Kudu ta koya mata shan lofe, wanda a nan ake kira kadus. Mahaifina ya yi mata wa'azi har bakinsa ya gaji. Ta ce masa ta riga shi sanin Allah, ta riga shi sanin taba, ya je ya ji da shagonsa. Daga ƙarshe suka sasanta a kan ba za ta kunna ba sai an yi sallar Magariba, kuma a bayan gida, inda baƙo ba zai gani ba.

Da sanyi ya shigo, can muke taruwa ni da 'yan'uwana, mu kewaye kaskon gawayi, ita tana kan gadonta na igiya ta lulluɓe ƙafa da tsohon bargo. Sai dai Habboba ba ta ba da labari a banza. Juya mana baya take yi ta cika lofen, ta ɗora masa garwashi, ta ja, sannan ta busa hayaƙin ta saman kawunanmu.

"Yalla, maza, wace taba ce wannan?"

In wani ya canka, a yi labari. In duk mun faɗi, kowa ya kama gabansa. Ba ta taɓa yarda ɗayanmu ya sa lofen a baki ba, wanda duk ya kai hannu ranƙwashi zai sha. Da hanci da harshe kawai take so mu gane.

Ni da farko kome ta busa sai in ce tabar gwangwani, don ita kaɗai nake so. Wani direban babbar mota ne ke kawo mata ita jefi-jefi, tana ƙamshi kamar alewa. Habboba ta raina ta, ta ce tabar masu son a gan su ce.

"Kai, Haruna, buɗe bakinka kaɗan, ya walad," take ce mini, wato kai yaro. "Kada ka tsaya a ƙamshin farko. Bari ya sauka bayan harshe tukuna, sannan ka yi magana."

A hankali na fara rarrabewa. Tabar garin Fashir baƙa ce mai kaifi, tana yaƙushin maƙogwaro, ta bar ɗaci kamar ka lashi kanwa. Ta Kudu a dunƙule take zuwa, sai an ɓantara da wuƙa, hayaƙinta mai nauyi ne, yana warin garke bayan an yi ruwa, kuma yakan kwana a cikin rigar mutum. Akwai ta duwatsun Nuba, mai sauƙi, wadda ba ka jin komai da farko, sai can daga baya wani ɗan zaƙi ya biyo, irin na busasshen dabino. Ita ce ta fi wahalar da ni. Na sha jawo mana asarar labari a kanta, 'yan'uwana suna hararata.

Da ta ga mun ƙware sai ta fito da sabuwar mugunta, ta fara gauraya su. Wata rana ta busa, kowa ya yi ihu ya ce Fashir. Ni kuwa na bar hayaƙin ya zauna, sannan na ce, "Fashir ce, Habboba, amma kin sa mata ta Kudu kaɗan." Ta cire lofen daga baki ta dube ni.

"Tamam, daidai ne. Hanci ya biya, yanzu kunne ya zo ya karɓa."

Ran nan ne ta ba mu labarin Tanko.

Ta ce Tanko mutumin ƙasar Hausa ne, ya taso da matarsa a ƙafa za su Makka. Da zai fito, uwarsa ta ɗinka masa jakar fata ta cika ta da tabar bayan gidansu. Suka yi ta tafiya har Jazira, a nan guzuri ya ƙare. Tanko ya ce su tsinci auduga kaka ɗaya, su tara na hanya su wuce. Ya kuma yi wa matarsa alkawari: duk ranar da ya ji ɗanɗanon gida ya bar jakar nan, to zaman ya isa, washegari za su tashi.

To amma masu shan lofe suna da wata al'ada, ba sa bari jaka ta ƙare ƙaf. In ta yi rabi sai a sayo sabuwa a zuba a kai, a cuɗa da yatsa, don tsohuwar ta ba sabuwar ɗanɗano. Haka Tanko ya yi. Jaka ta yi rabi, ya ƙara ta kasuwar kambo. Ta sake yin rabi, ya sake ƙarawa. Kowace kaka matarsa sai ta tambaye shi, "Malam, yaushe?" Shi kuma sai ya ja lofe, ya lumshe ido, ya ce, "Da saura. Har yanzu ta gida ce."

Aka haifi 'ya'ya, suka yi wayo, su ma suka shiga tsintar auduga. Rannan sai ga wani baƙo ya sauka a kambo, ɗan garin su Tanko, bai daɗe da barin gida ba. Tanko ya rasa inda zai sa kansa don murna. Ya cika lofe ya miƙa masa, ya ce ya sha tabar garinsu. Baƙo ya ja, ya sarƙe da tari, ya ce, "Wannan kuma ta wace ƙasa ce?" Sai ya kwance tasa jakar, ya cika wa Tanko ta gida ta ainihi. Tanko ya ja sau ɗaya ya tofar, ya ce an cuci baƙon nan, wannan ba tabar garinsu ba ce. Matarsa tana bayan zana tana ji. Ta zauna a ƙasa ta yi kuka.

Mu kuwa dariya muka yi har da riƙe ciki. Mutum ya manta tabar garinsu!

"Ya je Makkan, Habboba?" in ji yayata.

"A bayan kambo aka binne shi, gefen hanyar ruwa."

"Ashe wawa ne," na ce.

Ba ta yi dariya ba. Ta ƙwanƙwasa lofen a ƙafar gado, toka ta zube.

"Ba wawa ba ne, ya walad. Ba rana ɗaya aka canja masa ita ba. Da rana ɗaya ce, da ya ji. Kalas, shi ke nan, ku je ku kwanta."

Sai da na girma, bayan rasuwarta, na ji daga bakin mahaifina cewa sunan uban Habboba Tanko.

Na daɗe ina ɗauka labarin na masu shan taba ne, ni kuwa ban taɓa sha ba, don haka na ɗauka na tsira. Ranar da aka fara harbe-harbe, ƙarƙashin gado muka wuni da yara. Da ruwan famfo ya ɗauke, muka koma saye a wurin mai amalanken jaki, na ce ai ana rayuwa. Wuta ta tafi, na ce ai da can ma ba kullum take zuwa ba. Maƙwabta suka yi ta kulle gidaje suna tafiya. Na ce wa Nafisa su suna da ƙauyukan komawa, mu ina za mu? Kambo ba namu ba ne, Najeriya kuwa ko a mafarki ban taɓa taka ta ba. Gaskiya ce na faɗa, amma na fake da ita.

Wata la'asar muna tsakar gida sai aka saki wata ƙarar bom da ta girgiza ƙyaure. Na zabura zan suri 'yata Ihsan, wadda ko a makarantar firamare ba ta yi nisa ba. Ko ɗagowa ba ta yi ba daga wasan da take yi da murafen kwalba.

"Ma takhaf, Baba, kada ka ji tsoro. Wannan mai fita ce. Mai shigowa sai ta yi fito tukuna."

"La, a'a, ta jirgi ce," in ji ƙanenta.

"Kai ba ka iya ba. Ta jirgi a ciki ake jin ta, ba a kunne ba."

Suka kama gardama, kowa yana so a ce shi ya canka. Na tsaya ina kallonsu. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, ban kuma taɓa jin kunyar kaina haka ba. A gabana aka yi ta ƙara wa rayuwarmu abin da ba namu ba, kaɗan-kaɗan, ni ina cuɗawa da hannuna ina cewa har yanzu gida ne. A nan na gane abin da tsohuwar nan take horar da mu a kai, mutum ya ji canji tun yana ɗan kaɗan, tun ƙafa tana iya tashi.

A take na ce wa Nafisa ta ɗaure kaya. Kafin Magariba har ta gama ɗaurewa. Washegari na fita neman mota. Duk direbobin da na sani sun watse, sai guda ɗaya na samu, shi kuma ya ce hanyar ba ta biyuwa yanzu, in bari mu ga mako mai zuwa. Da na koma, haka ya sake ce mini.

Kayan suna nan jingine a bakin ƙofa. Shekaranjiya Nafisa ta kwance ɗauri ɗaya ta ciro tukunya, don dole a ci abinci. Yau da safe na tarar ta ciro gidan sauron yara tana rataya shi a ƙusarsa ta da. Ta dube ni, na dube ta, na miƙa hannu na riƙe mata ɗayan gefen.