Littafin da Ɗanta Ya Ba Ta

Mu shida ne muke zaman karatu duk Asabar bayan la'asar, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan wata ƙawarmu likitar yara a Fort Washington. Ni na kafa zaman, ni nake zaɓen littafi, kuma ina son a san haka. Shekara huɗu ina ɗora musu tarihin manyan mutane, suna karanta rabi, su zo su cinye dambun nama suna hamma a ɓoye.

Akwai ta bakwai wadda ba ta karatu. Mahaifiyar mai gidan ce, Hajiya, da aka kawo daga Katsina don aikin ido. Aikin bai yi ba, ta zauna. Saboda ita muka kafa doka: duk wadda ta kawo littafi sai ta ba da labarinsa da Hausa, babi bayan babi, don tsohuwa ta ji. In ni ke bayarwa, barci take yi da carbi a hannu.

A shekara ta biyar wata 'yar Zariya ta shigo cikinmu. Nas ce a wani asibiti wajen Annandale, mijinta ya rasu, ɗanta ɗaya, injiniya a Sterling. Ya haura talatin bai yi aure ba. Abin da ta mallaka a ƙasar nan shi ne sunan ɗan nan nata: shi ke kwasar tsofaffi zuwa masallaci ran Juma'a, shi iyaye mata ke nuna wa 'ya'yansu. Kuma duk mun san halin mutanenmu a nan. Ba mu da yawa, maganar da aka yi a Maryland da yamma ta isa Virginia kafin magariba, ta kwana a Kaduna.

Da na ba ta dama ta kawo littafi, sai ta fito da wani ƙaton littafi da ta lulluɓe bangonsa da takardar ruwan ƙasa, irin yadda muke yi a firamare. Fuskarta cike da fara'a ta ce, "Ɗana ne ya ba ni. Ya ce, Mama, ki karanta a hankali, in kin gama mu yi magana." Na tambaye ta ko tarihin wa ne. Ta ce ba tarihi ba ne, labarin tsafi ne da duhu. Na ce ashe tatsuniya muka dawo yi da furfurarmu.

Labarin wata ƙasa ne da sarkinta ke cin inuwar mutane. Wanda aka yanke wa inuwa kwana arba'in yake yi ya mutu, sai dai in wani ya yarda ya raba tasa da shi, kuma daga ranar ba za su yi nisan da ya wuce taku uku da juna ba. An yanke wa wani soja, kowa ya guje shi, sai wata mai wankan gawa da gari ke ƙyama ta ba shi rabin tata. Haka 'yar Zariya ta ba mu shi. Kuma wallahi ta iya ba da labari. Hajiya ta daina barci. Likita ta bar shinkafa ta kama a tukunya. Sauran suka ce za su sayi nasu, ita kuwa ta hana su sunan littafin, wai kada su riga Hajiya jin ƙarshe. Ta ce ita ma ba ta gama ba, da babi biyu-uku kawai take gabanmu.

Na ji haushi, ba zan ce ban ji ba. Mako uku ina zaune a zaman da na kafa kamar baƙuwa. Ran da 'yar Zariya ta tashi yin alwala, na buɗe shafin farko na littafinta na ga sunan, washegari na aro shi a laburare.

Kwana biyu na cinye shi. Littafin ya yi kyau, har wani wuri na yi hawaye, abin da ya ƙara min haushi ke nan. Amma tun babi na huɗu na ga abin da ta ɓoye. Babu wata mai wankan gawa. Namiji ne, da gemunsa, kuma soyayya ce tsakaninsa da sojan, ba a sakaye ba. Nan take na gane me ɗan yake gaya wa uwarsa, na kuma gane ita ma ta gane, tana tafiya a hankali ne don ta san me za ta ce masa. Na ɗauki waya zan kira ta. Na ajiye. Kwana huɗu na jira Asabar, kuma da daɗi na jira ta.

Na bar ta ta kai inda labarin ya fi daɗi, inda mutum biyun suka ɓuya a rijiyar da ta ƙafe, sojojin sarki na wucewa a samansu. Sannan na zaro nawa daga jaka, bangonsa a buɗe, na ɗora a kan tebur.

Na ce, "Ƙanwata, a naki littafin mace ce? Don a nawa gemu gare shi."

Ban jira amsa ba. Na buɗe shafin da na naɗe, inda suka sumbaci juna, na karanta da Turanci, na juya musu da Hausa, na zaɓi kalmomin da suka fi muni. Ɗaya ta yi a'uzubillahi. Ɗaya ta toshe baki tana dariya. 'Yar Zariya ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ta canza ne saboda kunyar Hajiya, labarin ya yi mata daɗi, ba ta so a rasa shi don wannan. Na ga kawuna sun fara gyaɗawa. Likita har ta ce ai littattafan yanzu duk haka suke, mutum ya ɗauki na ɗauka. Da na yi shiru a nan, da maganar ta mutu a ɗakin.

Na ce, "Wa ma kika ce ya ba ki? Kuma wace magana ce za ku yi in kin gama?"

Na ga matan nan suna lissafin shekarun ɗanta a ransu, da 'yan matan da aka yi masa tayi ya ce ba yanzu ba. Ita kuwa ta gyara mayafinta, ta durƙusa ta yi wa Hajiya sallama, ta dube ni ta ce, "Yaya, na gode." Ta hau bene ta tafi, ta bar littafinta a kan kujera.

Abin da ya biyo baya bai ɗauki wata guda ba. Tsofaffin da yake kaiwa masallaci suka sami wasu motocin. Waɗanda ke gaishe shi da hannu biyu suka koma ɗaga masa yatsa daga nesa. Kafin azumi ya nemi canjin aiki zuwa wata jiha can yamma. Uwarsa ta daina zuwa suna da biki, sai dai a hango ta a kantin kayan abinci tana sauri. Duk wadda ta tambaye ni, cewa nake ni abin da ke rubuce na karanta, ban ƙara ko harafi ba. Na faɗa har ya zame min kamar gaisuwa.

Amma tun Asabar ɗin da ta biyo na sami nawa. Na zo da tarihin wani shugaba, na gyara murya, Hajiya ta ce in ajiye shi. Ta ce an bar mata mutane a cikin rijiya, tunda na karanta sai in fito mata da su. Na fara, sai na ji bakina yana cewa mai wankan gawar ta yi kaza, ta ce kaza. Tsohuwa ta tsayar da ni.

Ta ce, "Wa kike wa kunya? Mai jin kunyar tamu kin kore ta. Faɗa min yadda yake."

Na faɗa mata yadda yake, maza biyu, har ƙarshe, sauran suna kallon ƙasa. A babin ƙarshe mai wankan gawar ya koma garinsu da sojan, ana jifansu, suka tsaya a ƙofar gidan uwarsa. Uwar ta daɗe a bayan ƙyaure. Daga baya ta buɗe, ta shimfiɗa musu tabarma ɗaya, tunda ba sa iya rabuwa.

Hajiya ta tambaya ko 'yar Zariya ta kai nan. Na ɗauko littafinta na duba inda ta sa tsinken sakace alama. Saura babi uku.

Na ce ba ta kai ba.

Ta ce, "To ki kai mata."

Na ce to. Shekara biyu ke nan, littafin yana ɗakina.