Kabad ɗin Kawu Sale

Duk wanda ya san Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, ya san ba ya shiga gida da aljihu wayam. Yau tsakuwa, gobe busasshen ganye ko guntun tulu. A kabad ɗin falonsu na unguwar Woolwich a Landan yake jera su, kowanne da 'yar takardarsa.

Tun da ya yi ritaya daga aikin rediyo ya liƙe wa masanan Turai na shekaru ɗari uku baya. Wai su a akwati ɗaya suke ajiye ƙashin kifi da tsohon kwabo, don ƙasa da mutum duk sawu suke bari, kuma iri ɗaya ake karanta shi. "Mu ne muka raba ilimin gida biyu, don lalaci!" in ji shi.

Rannan matarsa, Anti Binta, ta rasa kuɓewa, ta buɗe kabad ta juye busasshiya daga wata kwalba, ta yi miya. Sai da ya ci ya yi ƙari sannan ya ga kwalbar wayam.

"Binta! Da ita nake nuna yadda bayi suka kai iri Amurka! Kin dafa min tarihi!"

"To ya ka ji shi, Malam? Gishiri ya ji?"

Wata rana ya tsinto ƙashi a bakin kogin Thames, ya rantse na zamanin Rumawa ne. Ni na yi masa booking a gidan tarihi don a duba ƙashin. Baturiyar da muka tarar a can ta juya shi sau ɗaya ta ce haƙarƙarin rago ne, bai fi shekara ba. Ni kunya, shi ko a jikinsa.

"Madalla. To wa ya ci ragon?"

Da ciwon ciki ya kai shi asibitin Camberwell kuwa, likita ya ce ya ba shi history, wato tarihin ciwon. Kai! Kawu ya ɗauko daga farin da ya kori kakansa daga Damagaram.

"Ciwon cikin nake nufi, sir."

"Yaro, ina hanya."

Da aka ciro masa tsakuwa daga ƙoda, sai da aka ba shi ita a kwalba. Ya rubuta: "An haƙo a cikin Sale."

Ganina da shi na ƙarshe, numfashi na yi masa wuya, ya riƙe hannuna ya sa na maimaita sunan kakar kakata, Tabawa, da tsamiyar da aka binne ta a gindinta, har sau uku. Ya ce yanzu ni kaɗai na sani.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka makwancinsa, Ya ba Anti Binta haƙuri. Amin.