Ranar da Sojojin Fim Suka Tare Ni da Surukina

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa na manta da su, wasu ma sai an tuna mini nake cewa, au, haka fa aka yi. Amma ranar da na yi tsallen kwaɗo a gaban surukina, a bakin fadama tsakanin Ambursa da Argungu, wannan kam ko tsufa ya kwashe mini komai ina jin ita za ta rage.

Ni manomin shinkafa ne a Argungu, noman rani nake yi da injin ban ruwa. A shekarar da abin ya faru an shiga wata irin wahalar fetur da har yau in an tuna ta sai an girgiza kai. Gidajen mai sun rufe, 'yan bumburutu kuma sun tsawwala kuɗi kamar turare suke sayarwa. Shinkafata a lokacin ta ɗauki ciki, wanda duk manomi ya san in ta rasa ruwa a wannan gaɓar aikin shekara ya tafi. Ina ji ina gani ƙasar gonar ta fara tsagewa. Sai wani abokina da ke aiki a wani gidan mai a Birnin Kebbi ya kira ni ya ce an sauke musu mai, in yi maza in zo da jarka. Ban ko tsaya karyawa ba na ɗaure jarkoki biyu a babur.

Ina shirin fita matata ta tare ni a zaure. Tana da tsohon ciki a lokacin, haihuwa yau ko gobe. Ta ce mahaifinta yana Birnin Kebbi wajen 'yan uwa, ya je asibiti kan ciwon ido, an gama masa, amma motocin haya sun yi wuya. Tun da can na nufa, in taho da shi.

Na ce to, amma ba haka na so ba. Surukin nan nawa tsohon masunci ne, dogo, mai kwarjini, marar yawan magana. Duk unguwarsu an san shi da abu ɗaya: ba ya ƙarya, ko da ta wasa. Tun da na auri 'yarsa bai taɓa ce mini komai ba bayan amsa gaisuwa. In na durƙusa na ce, “Baba, ina kwana?” sai ya ce, “Lahiya lau,” ya kau da kai. Ni kuwa na daɗe da yanke hukunci a raina cewa mutumin nan bai so aka ba ni ba, haƙuri kawai yake yi da ni. Yanzu a ce in goya shi a babur tun daga Birnin Kebbi har Argungu, ƙirjinsa a bayana!

Na sami man bayan dogon jira, na je na ɗauko shi. An rufe masa ido ɗaya da auduga, ɗayan ma gani sama-sama yake yi. Ya hau, jarkoki a gefe da gefe, muka kama hanya rana ta take.

Da muka wuce Ambursa sai tsoro ya fara shiga ni. A kwanakin nan ana ta maganar cewa duk wanda aka kama da mai a jarka ɗan fasa-ƙwauri za a ɗauke shi, a ƙwace man, wataƙila ma a haɗa da babur. Ban ga wanda aka yi wa ba, labari ne kawai yake yawo a majalisa, amma na yarda da shi. Saboda haka na sauka daga kan kwalta na bi wata hanyar manoma da ke ratsa bakin fadama, wai ni mai dabara, zan kauce wa shingen jami'an tsaro.

Muna shan wata kwana bayan wasu bishiyoyin mangwaro sai ga ganguna an gitta a hanya. Sojoji ne tsaye, kaki, hula, bindigogi. Ga wata tsohuwar mota a-kori-kura a gefe. Babbansu mai ƙaton tumbi da gashin baki ya ɗaga hannu ya daka mini tsawa.

“Kai! Sauka! Kashe mashin!”

Na taka birki har muka kusa faɗuwa. Na taimaka wa Baba ya sauko. Mai tumbin, wanda sauran suke kira Sajan, ya zagaye babur ɗin yana taku ɗai-ɗai, ya buɗe jarka ya shinshina, ya lumshe ido kamar wanda ya ji ƙamshin miya.

“Kofur,” ya ce, “wannan mai ya aikata babban laifi. A kama shi.”

Wani siriri ya ƙame ya sara masa, ya kwance jarkokina. Na fara roƙo. Na ce, “Yallaɓai, wallahi manomi ne ni, shinkafata ce take mutuwa, injin ban ruwa zan zuba wa.”

“Kowa manomi ne in an kama shi,” in ji Sajan. Sauran suka bushe da dariya.

Abin da ya biyo baya shi ya ƙarasa kashe mini jiki. A gindin mangwaro, taku kaɗan daga shingen, akwai wani mutum zaune da tebur, ya jera kwalabe da mazurari. Kofur ya kinkimi jarkokina ya dire a gabansa. A kan idona suka fara ciniki, mai teburin yana cewa man ya yi ja da yawa, Sajan yana rantsuwa cewa sabon kamu ne, ko awa bai yi ba. Da suka daidaita sai Sajan ya juyo gare ni da fara'a ya ce, “To malam manomi, ka ce kana neman mai? Ka yi sa'a, ga mai saidawa nan. Je ka saya, zan sa ya rage maka.”

Yanzu da nake ba da labarin ina jin yadda abin yake da ban dariya. A ranar kuwa ko kaɗan ban ga abin dariya ba. Zuciyata ta tafasa, na tuna gonata, na tuna layin da na sha, ban san sa'ad da na ce, “Wannan ai zalunci ne, Allah yana ganinku,” ba.

Sajan ya zaro ido ya matso har tumbinsa ya kusa taɓa ni.

“Mu ne azzalumai? Kama kunnenka! Tsallen kwaɗo, daga nan zuwa gangar can!”

Na dubi bakin bindigar da Kofur ya nuna ni da ita, na dubi surukina da ke tsaye ya dafa sandarsa. Duk wanda ya san kunyar da ke tsakanin mutum da uban matarsa ya san abin da nake nufi. Mutumin da ko abinci ban taɓa ci a gabansa ba. Na tsuguna, na kama kunnuwana, na fara tsalle. Hulata ta faɗi, babbar rigata tana jan ƙasa, suna ƙirga mini suna tafi. Wallahi da ƙasa za ta buɗe a lokacin da na gode mata.

Na dawo ina haki sai na ji Sajan yana cewa, “A jefa shi a mota. Wannan sai an kai shi can, inda ba a dawowa da wuri.” Biyu suka riƙe mini hannuwa suka fara ja na.

A nan ne Baba ya yi magana. Ya tako a hankali yana laluben hanya da sanda, ya tsaya tsakanina da motar.

“Yallaɓai, ku saurara mini,” ya ce. “Man ga nawa na. Ni nac ce ya sawo. Yaron ga aike na yi mai, ba ya da laifin komi.”

Na ɗago kai na dube shi. Mutumin da aka shaida bai taɓa ƙarya ba, ga shi yana shirga ta saboda ni.

Sajan ya ce, “Tsoho, matsa gefe.”

Bai matsa ba. Ya jingine sandar a jikin motar, ya miƙa hannuwansa biyu a haɗe kamar mai jiran a ɗaure shi.

“In tafiya za a yi da wani, ku tafi da ni. Ni na ci zamanina. Ɗiyata na gida da tsohon ciki, in kunka tafi da shi mi za ni ce mata? Tun da na ba shi ita bai taɓa sa ta kuka ba. Ina da 'ya'ya maza, amma wanga yaro ya fi su jin ƙaina. Don Allah ku sake shi.”

Hawaye ya gangaro daga idon nan ɗaya da ke buɗe, ya bi gemunsa. Ni ma sai na ji nawa sun zubo, ba na tsoro ba wannan karon.

Waɗanda suka riƙe ni suka sassauta. Sajan ya dubi Kofur, Kofur ya dubi mai tebur. Sai Sajan ya sunkuyo kusa da Baba, da wata murya daban, ta ladabi, irin ta yaran unguwa, ya ce, “Baba, wannan fa ba ya cikin labarin da aka ba mu. Darakta ne ya ƙara?”

Baba ya ce, “Wane darakta?”

Kafin a amsa sai muka ji ihu daga kan wani tudu: “Kat! Kat! Ku tsaya! Ba shi ba ne!” Wani saurayi ya gangaro a guje da waya a hannu, bayansa wani da kyamara. A daidai lokacin kuma wani ɗan acaɓa ya iso ta hanyar da muka biyo, da jarkoki biyu a babur, yana ba da haƙuri wai faci ya yi.

Ashe fim suke ɗauka. Wasu samari ne daga Birnin Kebbi, suna shirya fim na barkwanci kan wasu lalatattun sojoji da ke ƙwace mai suna sayar wa 'yan bumburutu. Daraktan ya yi hayar ɗan acaɓar nan da safe a Ambursa don ya zo ya fito a matsayin manomi, 'yan wasan ba su taɓa ganinsa ba, an dai ce musu mai babur da jarkoki zai ɓullo, su yi masa duk abin da ya zo bakinsu. Shi daraktan ya koma bayan tudu yana ta kiran mutumin a waya, mai kyamara kuwa da ya hango mu sai ya fara ɗauka daga nesa.

Na zauna daɓas a ƙasa. Sai a lokacin idona ya buɗe. Bindigar da ta sa ni tsalle itace ne aka sassaƙa aka shafa wa baƙin fenti. Kofur silifas ne a ƙafarsa. Gashin bakin Sajan ma gefe ɗaya ya ɓalle saboda zufa, yana lilo. Duk waɗannan suna gabana tun farko, ban ga ko ɗaya ba.

Yaran nan suka zube a gaban Baba gaba ɗayansu suna ba da haƙuri. Mai tumbin, da ya zaro matashin kai daga cikin rigarsa, sai ga shi saurayi ne da bai kai ni shekaru ba, har kuka ya yi. Suka ɗaure mini jarkokina da hannunsu, ko ɗigo bai ragu ba. Baba ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Can sai kafaɗunsa suka fara motsi, ya fashe da dariya har yana riƙe audugar idonsa kada ta faɗi. Ranar na fara jin dariyarsa.

Daraktan, da ya ga an saki fuska, sai ya fara lallaɓa wai abin da aka ɗauka ya fi duk abin da suka tsara kyau, ko za mu yarda a sa. Nan take Baba ya ɗaure fuska.

“Magidanci na,” ya ce, yana nuna ni da sanda. “Ba za a nuna ma duniya shina tsalle ba. Ku goge shi yanzu, a gabana.” Suka goge, mai kyamara yana nuna mini ina tabbatarwa.

Muka koma kan kwalta, don na ce na gama dabara. Ba mu yi nisa ba sai ga shingen sojoji na gaskiya. Na rage gudu. Wani ya tsayar da mu ya tambayi man, na ce na ban ruwa ne. Ya dubi hannuwana, ya dubi idon Baba, ya ce, “Sannu Baba, Allah ya ƙara sauƙi. Kai kuma tuƙa a hankali.” Shi ke nan. Muna barin wurin na ji Baba yana dariya ƙasa-ƙasa a bayana. Can ya ce, “Kai ka sa na yi ƙarya yau. Sai ka taya ni istigfari.” Na ce, “To, Baba.” Daga nan hira ta ɓarke har muka shiga Argungu.

Da yammacin nan na tada inji, ruwa ya kwanta a gona, shinkafar ta tsira. Kwanaki kaɗan matata ta sauka lafiya. Fim ɗin ya fito daga baya, na kalle shi a waya tare da abokai, ɗan acaɓar nan ya yi tsallensa kowa yana dariya, ni ma na yi, sai dai na fi kowa sanin yadda gwiwa take ji.

Baba ya rasu yanzu, Allah ya jiƙansa da rahama. Shekarun da suka rage masa mun yi su kamar ɗa da uba. Abin da na koya a ranar nan shi ne, in ka riga ka yanke hukunci a zuciyarka, idonka ma daina aiki yake yi. Tsoro ya sa na ga itace na ɗauka bindiga ce, zato kuma ya sa na zauna shekaru kusa da mutumin da zai iya shiga mota a madadina ina cewa ba ya ƙaunata. Tun daga ranar, in na ga mutum ya yi shiru, ba na saurin fassara shirunsa.