Allurar Sannu-Sannu

Ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa zama a kan bencin wurin wankin mota yana sauraronmu ba da son ransa ba, cewa gardamar nan da aka yi wata huɗu ana tafkawa a kan girman ramin bakin injin wanki ta zo ƙarshe. Babu alƙalin da ya raba ta, babu kuma wanda ya sallama. Ɗaya daga cikin masu gardamar ne ya tashi ya tafi, ya bar ɗayan da hujjojinsa a aljihu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Rajab, jim kaɗan bayan sallar Azahar, Allah Ya karɓi ran yayan matata, mai wankin motoci, wanda kowa ya sani da Sannu-Sannu. Ya rasu a asibiti bayan jinyar kwana shida, yana da shekara sittin da uku. Ya bar matarsa da 'ya'ya biyar da jikoki. Ya kuma bar ni da maganar da ta kamata in faɗa masa tun yana ji, ban faɗa ba.

Yaya, bari in fara da gaya maka gaskiya: haushinka nake ji. Shekara talatin ba ka taɓa yin wani abu da gaggawa ba. Mota ɗaya sai ka zagaye ta sau uku kafin ka taɓa ta da ruwa, kamar mai neman aurenta. Shayinka sai ya huce kafin ka kai shi baki. Direbobi sun sha tsayawa a kanka suna duba agogo, kai kuwa sai ka ce da su, "In sauri kake, ga hadari can ya haɗu, shi kyauta ma yake wankewa." To, ina dalilin da ya sa a wannan tafiya kaɗai ka yi sauri? Kwana shida fa. An ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Ni da na dogara da wannan karin magana a kanka, ga inda ta kai ni.

Wanda bai san aikinka ba zai ce wanki wanki ne. Injin naka yana da tiyo mai tsawo, a ƙarshensa akwai abin riƙewa kamar bindiga, a kan bindigar kuma ake maƙala wani ɗan ƙarfe da bai fi kan yatsa ba, mai ɗan rami a tsakiya inda ruwa ke fita. Masu shago suna ce masa nozul. Kai baki kake ce masa, kana cewa inji ma kamar mutum yake, da bakinsa ake gane shi. Guda biyar kake da su a cikin wani tsohon gwangwanin madara, kowanne da launinsa. Jan yana harba ruwa siriri kamar tsinke, kana cewa shi ne marar kunyar gidan. Rawaya na laka ne mai taurin kai. Koren shi ne na kullum. Farin na gilashi ne da fenti mai laushi, baƙin kuma na sabulu. A gefen hularka kuwa kullum akwai wata allura a soke. Na ɗauka ta cire ƙaya ce. Shekara nawa ina ganinta, ban taɓa tambaya ba, don ni mai karatu ne, kuma mai karatu ba ya tambayar mai wanki.

Na tuna ranar da wani dattijo ya kawo tsohuwar tasi, wadda ita ce abincinsa da na iyalinsa, ya ce a sa mata jan baki don ta fita fes. Ka ƙi. Ka ce masa, "Baba, fentin nan addu'a ce kawai ke riƙe da shi. In na sa masa ja, da ƙarfe tsirara za ka koma gida." Ka ɗauki farin baki, ka ja da baya taku biyu, ka yi kusan awa kana lallaɓa ta. Motar ɗaukar gawa ta masallaci kuwa, duk Juma'a da safe kai kake wanke ta ciki da waje, ba wanda ya sa ka, ba ka kuma taɓa bari a yi maganar a gabanka ba. Da na tsokane ka na ce masu hawanta ai ba sa ƙorafi, sai ka ce, "Shi ya sa." A ranar Talatar nan a cikinta aka ɗauke ka. Kwana goma sha ɗaya ba a wanke ta ba, kuma kowa ya lura.

Yanzu sai in zo kan abin da ya haɗa mu, tunda ta'aziyyar da aka ɓoye gaskiya a cikinta ba ta da amfani ga mai rai, balle mamaci.

Wata huɗu da suka wuce, ana saura kwana uku bikin 'yata, na zo aron injinka don in wanke tsakar gida da katangar da gansakuka ta cinye. Kai da ba ka ba kowa aron injin nan, ka ɗora mini shi a bayan mota da hannunka, ka maƙala koren baki, ka ce, "Malam Littafi, wannan kaɗai za ka yi aiki da shi. Kar ka cire, kar ka canza." Haka kake kirana, don ba na kunna ko fitila sai na karanta takardar da ta zo da ita.

Na cire shi. Ina so in ga yadda aka ƙera shi ne kawai. Ya suɓuce daga hannuna, ya gangara, ya faɗa magudanar ruwa. Na yi ta laluba da sanda har na gaji. Maimakon in kira ka, sai na shiga kasuwa na sayi wani kore sabo fil, wanda ya fi naka ƙyalli, na maƙala. Wallahi da na kunna sai na ga ruwan ya fi na da ƙarfi, har na ce a raina ashe gyara na yi maka. Injin yana wani irin gurnani, yana tsayawa yana tashi, na ce tsufa ne. Na gama wankina, na dawo maka da shi, ban ce komai ba.

Ka kunna shi a gabana. Ko minti ɗaya bai yi ba ka kashe, ka karkata kai kamar mai sauraron numfashin jariri.

"Malam Littafi, ka canza mini baki?"

"Kore ka ba ni, kore na dawo maka da shi," in ji ni.

"Launi faɗin ruwa yake nunawa. Ramin fa?"

"Yaya, kore kore ne. Kamfani ba mahaukaci ba ne."

Ka dube ni, ka yi ɗan murmushin nan naka da ke sa mutum ya ji kamar an tuɓe masa riga a kasuwa, ka ce, "To." Ka cire bakin ka jefa a gwangwani. Amma aikin gama ya gama. Famfon injin ya riga ya ji jiki a gidana, washegari ya fara yoyo, rana ta uku ya tsaya cak. Kwana tara kafin makaniki ya samo kayan gyara, kuma kwana taran nan ba ka rufe wurin ba. Da bokiti da soso ka yi ta wanki, a shekarunka, rigarka a jiƙe daga safe har yamma, kana tari.

Ƙanwarka, wato matata, ta ce in je in ba ka haƙuri. Ta faɗa sau ɗaya da lalama, sau biyu da faɗa, daga baya ta koma ajiye mini abinci ba tare da ta dube ni ba. Ni kuwa me na yi? Na tafi neman hujja. Na samo ɗan littafin da ke zuwa da irin injinka, na sami shafin da aka zana launuka biyar, aka rubuta cewa faɗin ruwan kore digiri ashirin da biyar ne, na ja layi a ƙarƙashinsa da jan biro. Duk yammacin da na zo bencinka sai na tayar da maganar: inji ya tsufa, makaniki ya cuce ka, ruwan rijiyarka yashi gare shi. Na kawo misalai daga tarihi. Kai kuma ba ka taɓa ɗaga murya ba. Sai ka ce, "Inji yana da ruwan da yake turowa a minti ɗaya. In ƙofar ta yi masa kaɗan, ruwan ba ya fasa zuwa, komawa yake ya daki mai turo shi." Na ce wannan falsafa ce, ba ilmi ba. Ka ce, "To."

Wannan "to" ɗin naka ita ta fi ƙona mini rai. Da ka zage ni, da na sami abin kamawa. Da ka ce in biya, da na biya na huta, na ci gaba da ganin kaina mai gaskiya. Sai ka bar ni da "to", wadda ba a iya gardama da ita, ba a kuma iya barci a kanta.

Na zo duba ka a asibiti rana ta huɗu, littafin yana aljihuna. Allah Ya sani na fito gida da niyyar in ce maka ka yafe ni. Da na shiga ɗakin, na ga robar iska a hancinka, ka buɗe ido ka ce, "Malam Littafi, ka zo da shafin?" Na yi dariya, na dafa aljihu, na ce, "Sai ka warke, ba na kayar da marar lafiya." Ka ce, "To." Ita ce kalma ta ƙarshe da na ji daga bakinka. Likita ya ce ciwon ƙirjin ya daɗe a jikinka, ba na kwana tara ba ne, kuma ajali ba ya jiran inji. Na yarda da likita, na yarda da ƙaddara. Amma har yau ba na iya kallon bokiti.

Bayan rasuwarka da kwana huɗu aka yi ruwan sama mai ƙarfi. Magudanar gidana ta cika ta tumbatsa, ta amayo duk abin da ta haɗiye, har da koren bakinka, yana kwance a bakin ƙofa cikin laka. Na wanke shi na kai wurin aikinka. Babbar 'yarka na samu a can, wadda tun tana ƙarama take gefenka har ta fi makaniki sanin injin nan, ita ce kuma yanzu ke riƙe da wurin. Ta karɓa ta juya shi, ta shiga ɗan ɗakin ajiya ta fito da gwangwanin madara da hularka. Ta zaro nawa koren, wanda na sayo, ta jera su biyu a kan benci. Ido ba zai raba su ba.

Sai ta zare allurar nan daga hular ta miƙo mini.

"Kawu, gwada."

Na sa tabarau. Na zura allurar a ramin naka, ta wuce salin-alin. Na zura a nawa, ta tsaya a baki, ko rabin tsininta bai shiga ba. Ta nuna mini wasu 'yan lambobi da aka buga a jikin ƙarfen. Biyun farko iri ɗaya ne, ashirin da biyar, su ne na launin da na yi wata huɗu ina karewa. Na bayansu kuwa sun bambanta, su ne girman ramin. Naka ya kusa ninka nawa. Na fito da littafin, na buɗe shafin da na ja wa layi, na juya bayansa. Ga bayanin nan ɓaro-ɓaro, har da jadawali. Takarda ɗaya ce tsakanina da shi tsawon wata huɗu, ban juya ba, don na riga na sami abin da nake nema.

Na ce da ita, "Me ya hana shi ya nuna mini wannan tun ran farko? Allurar tana kansa fa!"

Ta ce, "Na ce masa ya nuna maka. Ya ce a'a, Kawunku in an nuna masa a gaban mutane zai ƙi gani, in an bar shi zai gano da kansa, a yi masa sannu-sannu."

Ka gani ko, Yaya? Har ni ma da farin baki ka wanke ni, ka ja da baya taku biyu don kar fentina ya ɓare. Lissafinka bai yi kuskure ba sai a wuri ɗaya: ka ɗauka lokaci zai jira mu.

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo gare Ka. Ya rayu yana wanke dattin da ba shi ya yi ba, Ka wanke shi daga kurakuransa kamar yadda ake wanke farin tufa. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa, wadda ta yi shekara talatin da biyar tana shanya jiƙaƙƙun riguna ba ta gaji ba, da 'ya'yansa da jikokinsa, da direbobin da yanzu za su sami mai yi musu wanki da sauri su gane abin da suka rasa. Ina miƙa ta ga ƙanwarsa da ke ɗakina, wadda ta faɗa mini gaskiya tun da sauran lokaci. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya kyautata namu ƙarshen.

Allurar tana wurina, 'yarka ta ce in riƙe. Juma'ar da ta wuce ni na wanke motar masallaci, da naka koren, kuma sai da na zagaye ta sau uku.

Yaya, ramin ya yi ƙanƙanta. Ni na canza bakin, ni ne kuma ban da gaskiya. Ka yafe ni.